Malamar da Ke Shata wa Jirgi Hanya

Malama Nafisat Dattijo ta shafe shekaru tana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Bunkure kafin ta taɓa ganin garin daga sama. Taswirar yankin kuwa a kanta take. Takan ɗauki alli ta zana ta ba tare da ta buɗe littafi ba: ga madatsar Tiga can kudu, ga babban kanal ya miƙo, ga rassansa sun bazu cikin gonaki, ga titin Zariya ya ratsa ta Kura. Ɗalibai sukan ce, "Malama, kamar kin taɓa shiga jirgi." Takan ce musu ita ko lilo aka ɗora ta sai kanta ya juya.

Mahaifinta, Malam Dattijo, Bafulatani ne da ya zo da shanunsa yana saurayi, lokacin da kanal ke sabo. Ya zo shan ruwan rani guda, sai ya ga wurin ya karɓe shi. Ya samu gona a bakin wani ƙaramin reshe, ya kafa gida, ya koyi dashen shinkafa da tumatir ba tare da ya rabu da garkensa ba. A nan aka haifi Nafisat. Bakin kanal take bi zuwa firamare, kuma tun tana ƙarama take da wata ɗabi'a da ke ba mahaifiyarta haushi: in aka aike ta da nono, ba ta dawowa ta hanyar da ta tafi, sai ta gwada wata ta ga inda za ta ɓulle. Ta yi kwalejin horon malamai a Kano, ta dawo gida ta kama aiki, ta auri Mudassiru mai gyaran injin ban ruwa a bakin kasuwa, mutum mai jiki da son raha. Suna da 'ya'ya mata biyu, Hawwa da Zuliha.

Ba mai yawan magana ba ce. Amma abokan aikinta sun san in ta auna abu ta faɗa, to ba a cika samun ta da janyewa ba.

Abu guda ke ɓata mata rai kowace shekara. Da zarar shinkafar rani ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwan nono, sai tsuntsayen jan baki su sauko. Ƙanana ne, tafin hannu ya fi ƙarfin guda, amma in suka taso tare sai su rufe rana, kuma gonar da suka yini a ciki sai dai kara. Daga nan ajin Malama Nafisat zai fara zama wayam. Iyaye su kwashe yara zuwa gona, a ɗaura gwangwanaye a igiya, a yini ana ja ana ihu tun fitowar rana har faɗuwarta. Lokacin kuma shi ne dab da jarrabawa. Ta sha zuwa gidaje tana roƙo, amma me za ta ce wa mutumin da abincin shekararsa ke tashi sama a gabansa? Gonar mahaifinta ma ba ta tsira ba.

Wata Asabar ta shiga Kura sayo wa mahaifin nata irin albasa, ta tarar da mai shagon da kanta a ciki. Ann Hananiya ke nan, wadda Nafisat ke kira Anti tun tana yarinya. Mahaifin Ann direban tarakta ne da ya zo daga wajen Kagoro ya yi aiki a Kadawa har ya tsufa, mahaifiyarta kuma a hannun mahaifiyar Nafisat take sayen nono da man shanu. A Kura Ann ta tashi, Hausarta ta Kanawa ce tsantsa. Ta yi arziki a cinikin iri da kayan gona, kuma da girmanta ta je ta koyi tuƙin jirgin sama. Ba don ta yi aiki da wani kamfani ba, don sha'awa kawai. Ita da wasu abokanta suka haɗu suka sayi ɗan ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu, suna ajiye shi a Kano.

Ranar tana zaune bayan kanta da kwamfutar hannu mai faɗin allo, tana ja da yatsa tana tsaki.

"Anti, lafiya kike faɗa da waya?"

"Ke dai bari, Nafi. Gobe nake son zuwa Jos, ina duba hanya. Zo ki gani, ai ke ce malamar taswira."

Nafisat ta zagayo ta leƙa, sai ta manta da irin albasa. Taswira ce, amma ba irin wadda ta sani ba. Garuruwa suna nan, koguna suna nan, sai dai an ɗora musu wasu da'irori da lambobi. Ann ta yi mata bayani a hankali. Manhaja ce da matuƙan ƙananan jirage ke tsara tafiya da ita. Ka taɓa inda za ka tashi, ka taɓa inda za ka sauka, sai ta ja layi a tsakani. Ta faɗa maka inda za ka sa gaba, da tsawon tafiyar, da man da za ka sha. Ta nuna maka iska daga ina take busowa a kowane tsayi, da inda hadari ke haɗuwa, da lokacin faɗuwar rana, da wuraren da ba a shiga sai da izinin masu hasumiyar filin jirgi. Da'irar nan babba da ta kewaye Kano, har ta haɗa da Kura, sararin da ke ƙarƙashin ikonsu ne.

"Waɗannan ƙananan alamun fa?"

"Dogayen abubuwa ne. Ƙarfen sabis, da manyan wayoyin lantarki. Ga waɗanda suka nufi Kumbotso nan."

Nafisat ta faɗaɗa wajen garinsu da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Anti, ai da saura. Akwai ƙarfe a bayan tashar mota wanda ban gani a nan ba. Akwai wani kuma a hanyar Rano, bara aka kafa shi."

"Na sani," in ji Ann. "Manhaja abin da aka zuba mata take faɗa. Shi ya sa ba na sauka ƙasa-ƙasa a yankin nan. In da zan samu wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗauko mini inda suke, da na huta."

"Ki koya mini yadda ake sa su."

Da haka abin ya fara. Ann ta ba ta tsohuwar kwamfutarta, ta riƙa koya mata duk lokacin da ta shigo Kura, in ba ta nan kuma ta waya. Ranakun hutu Mudassiru kan ɗauke ta a babur su bi ƙauyuka. Duk inda suka ga ƙarfe sai su tsaya a gindinsa, ta danna alama, ta tambayi mai gadi tsayinsa, in bai sani ba ta kimanta da inuwa kamar yadda take koya wa ɗalibanta. Mudassiru yana mita yana cewa an mayar da shi ɗan acaɓa ba ko sisi, amma shi ne kan fara hango ƙarfen ya ce, "Ga wani can, Maman Hawwa, kada ya gudu."

Abin da ya fi ba ta wuya ba taswira ba ne, iska ce. Ta saba a ƙasa in ka nufi wuri to can ka nufa. A sama kuwa iskar gefe tana tura jirgi, sai ka karkata hancinsa ya zama kamar wani wuri za ka, sannan ka isa inda kake so. Ta yi ta lissafin a kan takarda tana gwadawa da amsar manhaja har suka daina saɓani. Ann ta kafa mata doka guda: kowane zango na tafiya sai an samo masa wani abu a ƙasa da ido zai iya gani, gada ko kwana ko layin dogo, domin kwamfuta takan ɗauki zafi ta mutu a cikin jirgi. Wannan bai ba Nafisat wahala ba. Gadar Tamburawa, layin dogon Madobi, rumfunan tumatir na Kwanar Gafan, duk ta san su kamar tsakar gidansu.

A shekara ta biyu da fara wannan koyo jan baki suka zo da yawan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ƙungiyar manoman shinkafa ta yankin ta zauna. Shugabanta, Alhaji Fatihu, mutum ne da ya yi fataucin hatsi shekaru kafin ya zauna noma, yana da saurin fushi da saurin hucewa. Ya ce kora da gwangwani ba za ta yi ba bana. Tsuntsun nan yana da makwanci, duk yamma can yake taruwa, kuma akwai wani kamfani a Kano mai ƙananan jirage marasa matuƙi da ke feshin magani in aka nuna musu wurin. Matsalar ita ce ba wanda ya san makwancin. An bi su a babur, kanal ya tare hanya. An bi su a ƙafa, duhu ya yi.

Aka je wa Ann da maganar. Ta ce ita lasisinta ba na haya ba ne, ba za ta karɓi ladan kowa ba, ƙungiya ta zuba mai kawai. "Amma ba ni zan tsara tafiyar ba," ta ce wa Alhaji Fatihu. "Ni tuƙi zan yi, idona na kan tsuntsu da injin. Malama Nafisat ce za ta shata hanya, kuma ita za ta zauna a gefena."

Da Nafisat ta gaya wa mijinta, sai ya ce ba inda za ta tashi sama ta bar shi a ƙasa yana kallo. In faɗuwa ce a faɗo tare.

"To, Baban Hawwa, kilo nawa ne kai?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Manhaja ce ke tambaya. Sai an sa nauyin kowa da inda zai zauna, sannan ta faɗi ko jirgin zai ɗauka."

Ya ce shi bai taɓa aunawa ba kuma ba zai fara yau ba. Ƙarshe dai a sikelin masu sayen shinkafa shanshera aka ɗora shi a kasuwa, 'yan dako suna tafi. Da aka zuba lambar, manhaja ta nuna sai an rage mai kaɗan ko a bar Alhaji Fatihu, wanda shi ma ya so zuwa. Nafisat ta ce ba a taɓa mai. Ita ta kira Alhaji da kanta ta ba shi haƙuri.

Tsarin da ta yi ba mai tsawo ba ne, amma lokacinsa a matse yake. Tsuntsayen ba sa kama hanyar makwanci sai rana ta yi sanyi, jirgin Ann kuma dole ya sauka Kano kafin ta faɗi. Ta sa su bi titin Zariya zuwa Kura, su karkata gabas, su yi zagaye a kan gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure a tsayin da ya wuce kowane ƙarfe kuma ya wuce tashin tsuntsu, domin garken jan baki in ya shiga farfelar jirgi ba a cewa komai. Ta ja layi a kan agogo ta ce in an kai nan, an gani ko ba a gani ba, gida za a juya. Ann ta duba komai, ta gyara abu guda a maganar da za a yi da hasumiya, ta aika musu tsarin.

Bayan la'asar suka tashi. Da ƙafafun jirgin suka rabu da ƙasa Nafisat ta runtse ido tana salati. Sai ta ji muryar Ann a abin kunne: "Malama, ina muka nufa?" Ta buɗe ido ta dubi allon da ke kan cinyarta. Ga ɗan hoton jirgi yana tafiya a kan layin da ita ta ja da yatsanta a tsakar gida. Ta faɗi lambar inda za su sa gaba. Ta leƙa ta taga, ga manyan wayoyin Kumbotso a inda ta ce za su kasance, ga gadar Tamburawa tana tahowa. Daga nan tsoron ya sake ta.

Bayan Kura ƙasar ta buɗe. Ko'ina a rani ja ne da fari, amma nan kore ne shar, an yanka shi gida-gida, ruwan kanal yana walƙiya a tsakani. Ta ga reshen da ta bi zuwa firamare, ta ga rufin makarantarsu, ta ga fararen ɗigo-ɗigo a bayan gidan mahaifinta ta gane shanunsa ne. Abin da ta yi shekaru tana zanawa a allo ga shi kwance, kuma ba ta yi kuskure ba sai a wuri guda: babban kanal ya fi lanƙwasa fiye da yadda take zana shi. Ta juya ta nuna wa Mudassiru gidansu, ta tarar ya dafe leda a baki, idanunsa a rufe, yana ɗaga mata hannu alamar a ƙyale shi.

Sun yi zagaye na farko ba su ga komai ba. A na biyu Ann ta ce, "Dubi hagunki." Wani abu kamar hayaƙi ya taso daga gonaki, ya miƙe siriri, ya dunƙule, ya sake miƙewa. Can ga wani daga kudu, ga wani daga wajen Kadawa. Duk wuri guda suka dosa: wata fadama da ruwan kanal ke tsiyaya a cikinta, wadda kacala ta cinye, doguwar ciyawar nan da ke toshe magudanai. Suna zuba a ciki kamar ana juye buhu. Nafisat ta danna yatsa a kan wurin, ta sake dannawa a ɗaya ƙarshen.

"Akwai wasu da suka wuce gabas," in ji Ann. "Mu ƙara zagaye ɗaya mu ga inda za su."

Nafisat ta dubi agogo. "Anti, lokacin da muka sa ya cika. Mu juya."

"Ɗaya tak, Nafi."

"A tsayin nan iskar komawa a gabanmu take, za ta ci mana lokaci. Mu juya."

Ann ta dube ta, ta yi murmushi, ta kwantar da jirgin ya fuskanci arewa. Suna kashe injin a Kano ana kiran magariba.

Washegari kamfanin feshi suka turo bayanin jiragensu, aka ce Malama ta shata musu layukan da za su bi a kan fadamar. Ta zauna ta ɗora hasashen iska a kan taswira, sai ta ajiye kwamfutar ta yi tagumi. Damina ta kusa, iskar ƙasa-ƙasa da maraice kullum daga kudu maso yamma take busowa, kuma ba alamar za ta kwanta a kwanakin. Duk yadda ta juya layukan, feshin a kan reshen kanal zai sauka. Ruwan fadamar kansa cikin reshen yake komawa. A ƙasa da wurin akwai mashayar shanu, akwai kuma unguwanni da matansu ke ɗibar ruwan wanki da na girki.

Kafin ta je wa ƙungiya sai ta fara zuwa wajen mahaifinta, domin gonarsa na cikin waɗanda suka fi kusa da fadamar. Ta same shi a rumfar gona da igiyar gwangwani a hannu, muryarsa ta dishe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa.

"Ruwan nan shi ne na mashayar ƙasa?" ya tambaya.

"Shi ne, Baba."

"Da wanda matan gangare ke ɗiba?"

"Shi ne."

Ya ja igiyar, gwangwanaye suka yi ƙara, tsuntsaye suka tashi suka sake sauka a ɗan gaba.

"To me kika zo tambayata? Na ga kin riga kin san abin da za ki faɗa musu."

"Na zo ne kada ka ji a bakin wani. Gonarka za ta ƙara shan wuya."

"Na ji. Tashi ki je, kada su jira ki."

A harabar injin casar shinkafa aka taru, maza cike, ita da Ann kaɗai mata. Ta ɗaga allon ta yi bayani, ta nuna kibiyoyin iska, ta nuna reshen. Kafin ta rufe baki surutu ya ɓarke.

Alhaji Fatihu ya tsawatar, ya juyo gare ta fuska a ɗaure. "Malama, mun zuba mai a jirgi don a nemo mana tsuntsu. An nemo. Yanzu kuma ki ce kada a taɓa shi?"

"Ranka ya daɗe, ban ce kada a taɓa shi ba. Cewa na yi ba zan ja layin feshi a wannan wuri da wannan iska ba. Maganin da ke kashe tsuntsu a sama, ba na so in gan shi a randar kowa."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ai kamfanin na da masu zanensu, ba sai da ita ba.

"Gaskiya ne, suna da su," in ji ta. "Zan ba su taswirar nan yadda take, da iskar da mashayar. Zan kuma kai wa masu unguwannin gangare, don su san ranar da za su daina ɗibar ruwa. Ba zan ɓoye wa kowa ba."

Alhaji Fatihu ya karɓi kwamfutar ya riƙe ta nesa da ido, ya sa aka nuna masa reshen tun daga fadamar har gangare. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Yanzu da muka san makwancin, ai ba magani kaɗai ke kama tsuntsu ba." Ya ce lokacin da yake fatauci a wajen Haɗeja ya san masu kamun jan baki da taru, sana'arsu ke nan, suna soyawa su sayar. Babbansu, wani Malam Usaini, abokinsa ne. In aka yi feshi ma ba mai iya cin tsuntsun. Nan take ya ciro waya. Ba kowa ya gamsu ba, wasu suka kaɗe riga suka tafi, amma maganar shugaba ta zauna.

Malam Usaini ya zo da mutanensa da tarunansu a bayan akori-kura. Nafisat ta kai su bakin fadamar ta nuna musu iyakarta a allo, da gefen da tsuntsayen ke shigowa. Suka kafa, suka yi kwanaki suna kamu, kowace safiya buhuna cike. Matasan ƙungiya kuma suka shiga da adduna suna sare kacala daga gefe. A makon nan kasuwar Bunkure ta cika da soyayyen jan baki da yaji, Mudassiru ya ce ramuwa yake yi wa surukinsa, ya ci har ya ƙoshi.

Sai dai taru ba ya aiki da sauri irin na feshi. Kafin makwancin ya watse gonakin kusa sun yi asara sosai. Malam Dattijo bai kwashe rabin abin da ya saba ba, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Wani maƙwabcinsa kuwa ya daina amsa gaisuwar Nafisat, ya kwashe injinansa daga shagon Mudassiru ya kai wa wani. Abin ya dame ta, ta yi kwanaki ba ta cin abinci sosai. Mudassiru ya tambaye ta ko da za a sake, za ta ja layin. Ta ce a'a. Ya ce to ta ci tuwonta.

Ita da Ann suka sake tashi, wannan karon da Alhaji Fatihu a kujerar baya, domin Mudassiru ya ce shi ya ga sama ya ishe shi. Ta tsara tafiyar ta fara daga gabas, inda suka ga wasu sun wuce. A can suka samu babban makwancin, wanda ya ninka na farko, cikin wani kurmin ƙaya a kan tudu, nesa da ruwa, nesa da gida. Nan ta ja layukan feshi ba tare da jinkiri ba. Ta zaɓi yammacin da hasashe ya nuna iska za ta yi laushi, aka sanar da makiyaya su kauce, aka yi feshin, aka hana kowa tsintar tsuntsun, washegari aka tattara aka binne. Shinkafar da ta yi saura a yankin ta kai girbi. 'Yan ajinta suka dawo kafin jarrabawa, fuskoki sun yi baƙi da rana, muryoyi a shaƙe.

Tun daga shekarar, in jan baki suka sauko, ƙungiya ba ta jira abin ya yi nisa. Ana kiran Ann, ana kiran Malama. Abokan Ann da suke da jirgin tare, da wasu matuƙa irinsu, sukan turo a ba su alamun ƙarafan da ta tara, ita kuma tana ƙara sababbi duk lokacin da aka kafa. Maƙwabcin nan har yau gaisuwarsa a taƙaice take. Ba ta bar koyarwa ba, kuma ta ce ba ta da niyya.

Ann ta fara sakar mata sitiyari in sun yi nisa da ƙasa, ta ce hannunta bai da rawa. Yanzu karatun jarrabawar lasisi take yi da kaɗan-kaɗan. Darasin yanayi da na hanya ba su ba ta tsoro. Abin da ke ba ta aiki shi ne magana da hasumiya, domin da Turanci ake yi, da sauri, kuma kowace kalma da wurinta. Don haka da yamma, in tana girki, takan jingina kwamfutar a jikin turmi ta riƙa maimaitawa da ƙarfi, tana faɗin sunan jirgi da tsayinsa da inda ya nufa, Hawwa da Zuliha suna kwaikwayonta suna dariya. Mudassiru ne hasumiya. Yakan zauna a kan tabarma da rediyonsa a kashe a kusa da baki, ya saurare ta har ta gama neman izinin sauka, sannan ya gyara murya ya amsa da Hausa cewa an ji, amma ta ci gaba da zagaye tukuna, miya ba ta nuna ba.